Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Famasi Ta Najeriya: Wa Ya Cancanci Sa Hannu A Kan Zubin Magani?

Zuwa ga Magatakarda da mambobin Majalisar Kula da Aikin Famasi ta Najeriya, PCN, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.

Ni ɗan famasi ne, a hannunku na karɓi lasisi, kuma a wani asibitin gwamnati nake aiki a nan Arewa. Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙon ku kafa horo na bayan digiri, na aikin hannu, mai albashi, ga 'yan famasin da za su riƙe sarrafa magani da tabbatar da ingancinsa, sannan ku mayar da wannan horo sharaɗi ga duk wanda zai sa hannu a saki zubin magani, wato maganin da aka haɗa tare a tashi guda, zuwa kasuwa. Na rubuta a fili domin iyayen yaran da ake ɗura wa maganin su ma su ji abin da muke tattaunawa a tarukanmu, tunda ba mu kaɗai abin ya shafa ba.

Kun fi ni sanin tarihin, amma sai an faɗe shi maganar za ta zauna. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan an ba su farasitamol na ruwa. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wasu yara 84 suka bi su, sanadin maganin haƙori mai suna My Pikin, kuma Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin jarirai fitsarinsu ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. A 2022 Gambiya ta binne yara kusan 70 saboda magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya, sai da aka fitar da samfur ƙasashen waje kafin a tabbatar da abin da ke ciki. A 2023 aka sake jin irinsa a Kamaru. Guba ɗaya ce a duk waɗannan wurare: dayetilin gilaikol, sinadarin masana'antu da ake sa wa a man birki, wanda ake sayar wa masu haɗa magani da sunan furofilin gilaikol ko gilisarin.

Ga yadda abin ke faruwa, don wanda bai taɓa shiga masana'anta ba. Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, sai an sa masa wani ruwan da zai narkar da shi. Mota ta sauke durom-durom na wannan ruwa a ƙofar sito, kowanne da takarda manne a jikinsa, ga kuma takardar shaidar gwaji daga dillali, da hatimi da sa hannu. Ka buɗe murfi ka leƙa, ruwa ne garai-garai, mai ɗan kauri, ba wari, har da ɗan zaƙi-zaƙi. Mai gubar ma haka yake. Ido ba ya rarrabe su, hanci ba ya yi, harshe ba ya yi. Abin da ke rarrabe su mutum ne wanda ya ƙi yarda da takarda, ya killace durom ɗin gefe guda, ya ɗebi samfur daga kowane ɗaya, ba daga guda ya ce ya wakilci sauran ba, ya sa a na'urar GC mai rarrabe sinadarai, ya tabbata gubar ba ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba, sannan ya canza masa alama ya ce a shigar. Aikin yini ɗaya ne ko biyu. Tsakanin 1990 da 2008 shekara 18 ce, kuma ilimin wannan gwaji yana nan a littattafai duk tsawon lokacin.

Akwai abin da ya kamata ya hana majalisarku barci a shari'ar My Pikin. Da Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukunci a 2013, mutum biyun da aka ɗaure shekara bakwai-bakwai su ne manajan sarrafawa da manajan tabbatar da inganci. Wato doka ta san kujerun nan biyu sarai idan an zo hukunci. To ina dokar take lokacin da ake zaunar da mutum a kansu? Wace jarrabawa ya ci ta musamman? A gaban wa ya koyi aikin, na tsawon wane lokaci? Muna da tsarin kama mutum bayan yara sun mutu, ba mu da tsayayyen tsarin shirya shi kafin ya ɗauki biro.

Ba raina karatunmu nake ba. Zariya ta fara koyar da harhaɗa magunguna tun zamanin Turawa, kuma yau akwai tsangayoyin famasi a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Kaduna da Gombe. Ana karatu mai nauyi, har an kai shi shekara shida a tsarin sabon digiri. Sai dai sabon tsarin ya karkata ne ga gefen gadon majiyyaci, abin da ake buƙata kuwa, ba na musu. Amma ɗalibi na iya gamawa da sakamako mai kyau bai taɓa kunna na'urar HPLC, mai auna yawan sinadarin da ke cikin magani, da hannunsa ba. Ya gan ta dai, an tara su su hamsin a ƙofar ɗaki, malami ya yaye mata mayafi ya nuna, aka ce babu sinadaran aiki ko babu wuta. Daga nan sai shekarar horon sanin makamar aiki, wadda yawanci a tagar ba da magani take ƙarewa, sai bautar ƙasa. Wanda Allah ya kai shi masana'anta bayan haka, abin da ya tarar ana yi shi zai koya, mai kyau ne ko marar kyau.

Masu digiri na biyu da na uku fa? Muna da su, kuma wasunsu haziƙai ne na gaske. Amma digirin bincike wani abu ne daban. Ka shiga ɗakin karatu na kowace tsangayar famasi ka ga kundaye jere a kan sitacin rogo, na dawa, na gero, na acca, da ƙaron Borno da Yobe, kowanne ya nuna cewa za a iya ɗaure ƙwayar magani da abin gida. Shekara da shekaru ana rubutawa. Najeriya ce kan gaba a noman rogo a duniya, amma sitacin da masana'antunmu ke zubawa a ƙwaya daga waje ake sayo yawancinsa. Abin da ya ɓace tsakanin kundi da masana'anta shi ne mutumin da ya san yadda ake ɗaukar abin da aka yi na gram ɗari a ɗakin gwaji, a mayar da shi tan guda, yau da gobe da jibi, ba tare da ya canza hali ba. Haka labarin Niprisan ya koya mana. Masanan cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, sun fitar da maganin sikila daga karan dafi da masoro da kanumfari da wani icce, duniya ta yaba. Da aka zo sarrafawa da kasuwanci sai abin ya yi ta tangal-tangal, kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa shekaru, masu sikila suna nema.

Mutane da yawa, har cikinmu, sun ɗauka tabbatar da inganci shi ne gwada magani bayan an gama. Gwajin yana ciki, kuma shi ma sana'a ce mai zaman kanta. A auna ƙwaya 20 ɗaya bayan ɗaya a ga ko nauyinsu ya yi daidai. A zuba wasu a ganga mai juyawa sau 100, kada su zubar da fiye da kashi 1 cikin ɗari na nauyinsu, don a san za su jure gargadar hanya. A jefa shida a kwalabe shida masu ruwa mililita 900 a ɗumin jikin mutum, digiri 37, fanka na juyawa a hankali, a ga ko farasitamol ya saki kashi 80 cikin minti 30. Ƙwaya na iya ɗauke da sinadarinta cif-cif amma an danne ta da ƙarfi fiye da kima, ta shiga ciki ta fita kamar yadda ta shiga. Majiyyaci ya ce maganin ba ya ji, likita ya ƙara masa wani, alhali laifin na injin dannawa ne da wanda ya saita shi.

Amma gwaji samfur kaɗan yake gani. Daga zubin ƙwaya miliyan guda, 'yan ɗaruruwa ake lalatawa a ɗakin gwaji, sauran sai dai a dogara da yadda aka yi su. Shi ya sa ainihin aikin yake can baya, tun ran gini tun ran zane. Daga wa aka sayi kaya, kuma an je an ga inda yake yin su? Ruwan da ake aiki da shi, yaushe aka duba bututunsa? Iskar ɗakin, daga ina take shigowa, ina take fita? Injin da ya gama maganin hawan jini da safe, da me aka tabbatar an wanke shi kafin a zuba na yara da rana? Ma'aikaci ya rubuta abin da ya auna a lokacin da ya auna, ko sai da yamma ya zauna ya cike takarda da ka? Idan sakamakon gwaji ya fita daga iyaka, an tsaya an binciki dalili, ko an yi ta maimaitawa har aka samu lambar da ake so aka jefar da sauran? Wannan na ƙarshe ya kayar da manyan kamfanoni a Indiya da wasu wurare a gaban masu bincike na ƙasashen waje. Ba a koyon irin wannan a lacca, kamar yadda ba a koyon tuƙi a bayan mota. Sai ka tsaya kusa da wanda ya iya, ka ga ranar da ya ƙi sa hannu, ka ga abin da ya biyo baya.

Ga kuma zafin ƙasarmu, wanda ni a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a horonmu. Ana gwada daɗewar magani ne a digiri 30 da damshi kashi 75, sannan a gwajin gaggawa a digiri 40 na wata shida. A jikin kwali a rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30. To a Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu, inuwa ma ta haura 40, balle cikin tirelar da ta taso daga Legas ta kwana uku a hanya, balle shagon kwano da ba fanka. Abin da masana'anta ke kira gwajin gaggawa, mu nan shi ne bazara. Allurar oksitosin, wadda ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa, tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi tare da NAFDAC, ya samu kusan uku cikin huɗu na samfuran oksitosin da aka tattara a ƙasar nan ba su kai ƙarfin da aka rubuta ba. Ungozomomi sun riga masu bincike sani. Tambayi kowace a ɗakin haihuwa, za ta gaya maka kwalba ɗaya ba ta isa, sai ta fasa biyu ko uku. Arewa ce ke da mafi yawan mata masu rasuwa wajen haihuwa, don haka wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Ana buƙatar ɗan famasin da ya iya auna zafin sito lungu-lungu, ya iya karanta na'urar da ke bin kaya a mota, ya san wane magani ne zai jure kwana biyu ba firji, wane ne sai dai a zubar.

Kada kuma a ɗauka maganar ta masana'anta ce kawai. A asibitin da nake, kusan kullum sai an kawo takardar jariri mai ciwon zuciya ko farfaɗiya, maganin da yake buƙata kuwa babu na yara a kasuwa. Sai mu ɗauki ƙwayar manya mu daka a ɗan turmin tangaran, mu dama da ruwan sukari, mu ɗura a kwalba mai duhu, mu rubuta a girgiza kafin a ba shi, a yi amfani da shi cikin mako biyu. Uwa ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Mako biyun nan daga ina muka samo shi? Daga littafin da aka rubuta don ƙasar da kowane gida ke da firji mai wuta dare da rana. Garin maganin yana kwanciya a gindin kwalba, cokalin farko ya zama ruwa, na ƙarshe ya zama ninki. Muna yin iya ƙoƙarinmu, Allah ya sani, amma sarrafa magani ne muke yi, ƙarami, ba tare da horon masu sarrafawa ba. Haɗa allurar ciwon daji kuwa, da abincin jijiya na bakwaini, waɗannan sun fi haka haɗari nesa ba kusa ba, ga majiyyaci da ga mai haɗawar.

Na san ba a zaune kuke ba, kuma ba daga fili za a fara ba. Kwalejin Horon 'Yan Famasi ta Afirka ta Yamma, WAPCP, tana da sashe guda na sarrafa magani da tabbatar da inganci. Jami'ar Ibadan na da cibiyar bincike da sarrafa magani mai ba da horo na bayan digiri, Jami'ar Legas ma na da tata a fannin dokokin magani. Ku kanku kuna da darussan dole na sabunta lasisi. Amma ku dubi inda matasa ke tururuwa. Tunda aka buɗe wa 'yan famasi matsayin kwansaltan, wato babban ƙwararre, a asibitocin tarayya, kowa ya nufi ɓangaren asibiti, don can ne ake ganin tsani. Wanda ya zaɓi sarrafawa shi zai biya kuɗin karatunsa, ya roƙi izinin zuwa lacca, ya rubuta kundi, ya dawo kujerarsa ba abin da ya ƙaru. Likita mai neman ƙwarewa kuwa ana biyansa albashi yana koyo a gaban manyansa shekara da shekaru, har doka aka yi musu da asusu na musamman. Ban ga dalilin da zai sa wanda zai yi wa mutum ɗaya tiyata a lokaci guda ya samu wannan gata ba, amma wanda sa hannunsa ɗaya ke shiga cikin yara dubu ɗari a bar shi ya koya a tsaitsaye.

A Tarayyar Turai babu zubin maganin da ke fita kasuwa sai wani mutum takamaimai, wanda hukuma ta san sunansa, ya rubuta a rajista cewa ya duba kuma ya ɗauki alhaki. Kafin a ba shi wannan matsayi, bayan digiri, a ƙa'ida sai ya yi shekara biyu yana aikin gwaji da tabbatar da inganci a masana'anta mai lasisi. A Ingila Jami'ar Manchester na gudanar da kwas na wannan fanni tare da hukumar lafiyar ƙasar, ma'aikaci na bakin aikinsa yana karatu. Kusa da mu, a Moshi ta Tanzaniya, wata makarantar famasi ta haɗa kai da jami'o'in Purdue da Howard na Amurka ta kafa ƙaramar masana'antar koyarwa, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka je can suka koyo. Idan Moshi ta iya, ban ga abin da zai hana Zariya ko Kano ba.

Lokacin ma ya matsa. A 2023 babban kamfanin magani na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai-tsaye a Najeriya, kamfanin Sanofi ya bi baya, farashin maganin asma da na kashe ƙwayoyin cuta ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya ji a aljihunsa. Har yanzu mafi yawan magungunanmu daga waje suke zuwa. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a umarnin ɗauke haraji daga injuna da sinadaran haɗa magani, gwamnati na cewa tana son a riƙa yin mafi yawa a gida nan da 2030. NAFDAC ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, kamfanin Swipha na Legas ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ƙwayar zinc ta gudawar yara a 2023, sannan a kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na masu ciki a 2024. Abin farin ciki ne. Amma a ƙasa mai masana'antun magani fiye da ɗari, a ce irin wannan amincewa ana ƙirga ta da yatsun hannu ɗaya, ai ya nuna inda gizo ke saƙar. Inji kuɗi ne, a yi oda daga Indiya ko Jamus ya iso cikin wata shida. Mutumin da zai tabbatar injin na yin abin da aka ce yana yi, shekaru ake ɗauka ana gina shi. Yanzu kuma NAFDAC na neman kamfanoni su nuna cewa maganinsu na shiga jini daidai da na asali, aikin da ke buƙatar masu sa-kai, da ɗibar jini awa bayan awa, da na'urori masu tsada, da masu iya lissafin. Su wa za su yi?

Dokar 2022 da ta sake fasalin majalisarku ta ba ku iko a kan karatu da horo da rajistar wuraren aiki, har da masana'antu. Abin da nake roƙo bai fita daga wannan iko ba. Ku buɗe rajista ta daban ta masu izinin sakin zubin magani. Shigarta ta zama sai an yi shekara biyu ko uku ana zagayawa: ɗakin ƙwaya da kafso, ɗakin maganin ruwa, ɓangaren allura da ruwan ƙari inda ƙura ɗaya ke iya sa majiyyaci jijjiga, ɗakin gwajin sinadarai da na ƙwayoyin cuta, sito da jigila, da 'yan watanni ana bin masu binciken NAFDAC a baya. Jarrabawar ƙarshe kada ta zama ta rubutu zalla. A miƙa wa mutum takardun zubi na gaske da aka ɓoye kurakurai a ciki, a ce masa: za ka saki ko ba za ka saki ba, kuma me ya sa? Kwalejin Afirka ta Yamma ta riƙe jarrabawa, jami'o'i su riƙe karatu, ku ku riƙe rajista. Dattawan da suka shekara ashirin a masana'anta ba sai an mayar da su aji ba, a tantance su a shigar da su, su ne ma malaman. Kuma a bar ƙofa a buɗe ga masana sinadarai da na ƙwayoyin cuta a ɓangarorin da suka fi mu iyawa. Rigimar wane ne babba a ɗakin gwaji ta cinye mana lokaci mai yawa.

Rajistar ba za ta yi amfani ba idan ba ta da haƙori ta ɓangarori biyu. Duk mun san hayar lasisi, inda ake rataye takardar mutum a bango shi kuwa yana wani gari yana wani aiki, ƙarshen wata a tura masa nasa. Wanda aka kama ya yi haka da lasisin sakin magani a soke sunansa, ba gargaɗi. Ɗaya ɓangaren ya fi wuya. Ɗan famasin da ya riƙe zubin naira miliyan hamsin ya ce ba zai fita ba, gobe yana iya rasa aikinsa, a ɗauko mai sauƙin kai. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shugaban inganci kada ya zama ƙarƙashin shugaban sarrafawa, amma dukansu ƙarƙashin mai kamfani suke. Ku sa doka cewa duk kamfanin da ya sallami mai wannan matsayi sai ya sanar da ku dalili a rubuce, ku kuma ku saurari wanda aka sallama kafin ku amince da magajinsa.

Za a ce ina kuɗi. Kamfanonin da aka ɗauke wa haraji su karɓi masu koyo biyu ko uku kowannensu su biya su, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, don irin wannan aka kafa shi. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na gina dogayen benaye a jami'o'i, a karkatar da kuɗin bene ɗaya a yi ƙaramar masana'antar koyarwa mai wutar sola da kuɗin gyara na shekara goma, don na'urar da ba a ware mata kuɗin sinadarai da gyara ba ado ce kawai. Gwamnoninmu da ke tura ɗalibai Indiya karatun digiri na biyu, su ware gurbi kaɗan na zama a cikin masana'antun Haidarabad da Ahmadabad, ba a aji ba. Za a kuma ce idan an horar da su za su tsere Ingila ko Kanada ko Saudiyya. Wasu za su tafi, ko yanzu ma tafiya suke. A ɗaure su da yarjejeniyar shekaru, sannan a sa wa matsayin albashin da ya yi daidai da na kwansaltan. Yawancin waɗanda na sani da suka tafi ba ƙasar suka ƙi ba, gaba ce ba su hango ba.

Maganata ta ƙarshe a kan Arewa ce, kuma ba ta ɓangaranci ba ce. Yawancin masana'antun suna Legas da Ogun, sai Kwara da Anambra da Inugu. Idan aka bar horon ya bi inda masana'antu suke, 'ya'yanmu kaɗan ne za su samu, musamman mata, waɗanda suke da yawa a azuzuwan famasi yanzu kuma ba kowacce ce za ta iya barin gida shekara uku ba. Alhali Kano ce babbar kasuwar magani ta wannan yanki, daga nan kaya ke wucewa Maraɗi da Damagaram da Chadi da arewacin Kamaru. Abin da ya lalace a sitonmu, a jikin maƙwabtanmu ma yake ƙarewa. An sha fama kafin a tashi dillalan Sabon Gari zuwa cibiyar sari ta Ɗangwauro a 2024, kuma majalisarku ta taka rawa a wannan. To a kammala aikin. A mayar da cibiyar wurin koyar da ajiya da jigila da gwajin kaya masu shigowa. NAFDAC na da ɗakunan gwaji a Kaduna da Maiduguri, NIPRD na Abuja, ga asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Sakkwato da Jos da sassansu na haɗa magani. Idan aka ɗinke waɗannan wuri guda, mai koyo zai yi kashi biyu cikin uku na horonsa a nan, ya je Kudu ya ƙarasa sauran a manyan masana'antu.

Ina roƙon ku sa wannan batu a ajandar zamanku na gaba, ku gayyaci NAFDAC da kwalejin Afirka ta Yamma da shugabannin tsangayoyi da ƙungiyar masu masana'antu, ku fitar da daftarin rajistar a fili kowa ya yi gyara, ku kuma sa ranar da daga ita ba wanda zai sake sa hannu a zubin maganin yara sai sunansa na ciki. A fara da maganin ruwa na yara da allurai, sauran su biyo baya.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan famasi daga Arewa